Abin da Ya Fara Tashi Daga Kwalbar Iya

Zuwa ga jikata, Uwar Tambaya,

Gaisuwa mai yawa daga ni da gwaggonki. Ina fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci a kan lokaci. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da kunnen nan da ya hana ni jin ki a waya. Ki dubi rubutun nan da kyau, ba wanda ya riƙe min hannu. Malamarmu ta ajin yamma ta ce yanzu na isa in rubuta wa kowa wasiƙa, na ce to, jikata zan fara damu.

Gwaggonki ta ce an ɗauke ki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, har da farar riga da mabuɗi. Ranar da na ji, ban bar kowa a layinmu ya huta ba. Mai gyaran takalmi ya ce sau uku na faɗa masa. Ƙarya yake, sau biyu ne.

Jikin kakarki Iya da sauƙi. Tana ci, tana barci. Ƙwaƙwalwar ce dai ta ƙara nisa tun bayan tafiyarki. Yanzu ni baƙo ne a wurinta. Da safe sai ta dube ni ta ce, "Malam, mai gidan ya fita, sai dai ka dawo anjima." Ni kuwa in ce to, in fita in zagaya in dawo.

Amma ga abin farin cikin da ya sa na ɗauki biro. Ina neman almakashi a durowarta, sai na ci karo da kwalbar turaren nan da take haɗawa da hannunta. Ita ce ta ƙarshe, saura kamar rabi. Kin tuna lokacin da nake yawon gyaran keken ɗinki? Kullum kafin in ɗauki akwatin kayan aiki sai ta shafa min shi a wuyan riga, ta ce, "Je ka, Injiniya, kada a ce na auri gwangwanin mai." To, ina buɗe kwalbar sai ta juyo. Hancinta ya motsa. Hannunta ya ɗaga yana laluben wani abu a iska, daidai inda wuyan rigata yake kaiwa in na sunkuya. Bakinta ya buɗe. Wallahi saura kaɗan ta kira ni.

Ba na neman ta warke, likita ya riga ya yi mana bayani. Sunan nan kawai nake so in sake ji a bakinta, ko sau ɗaya.

Kin san ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take zubawa a ciki ba, yanzu kuma ita ma ba ta sani ba. Na tsiyaya miki kaɗan a ƙaramar kwalba, tana cikin safa a kwalin nan. Ki saka a na'urorinku ki gano min sirrin, ki haɗo mana mai yawa kafin namu ya ƙare. Na kuma samo wata dabara ta sa ƙamshin ya tashi sosai, amma ba zan faɗa miki ba tukuna, don ki san ba ke kaɗai ke da ilimi a gidan nan ba.

Kakanki,
Baba Tsoho

*

Baba Tsoho, ɗan makaranta,

Na gaishe ka, na gaishe da gwaggo. Ka riƙe min hannun Iya ka ce jikarta na gaishe ta, ko da ba za ta gane ba. Ni lafiya lau, aiki ne dai ya yi yawa. Wasiƙarka na manne a bangon teburina, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Kwalbar ta iso lafiya, safarka kuma tana buƙatar wanki. Na roƙi shugabar ɗakinmu ta ba ni na'urar da yamma bayan kowa ya tashi. Wani dogon bututu ne siriri a naɗe cikin akwati. Ana zuba ɗigo ɗaya, a riƙa ɗumama shi a hankali. Abubuwan da ke saurin tafasa su ke fara fitowa, masu nauyi su biyo baya, na'urar tana zana kowanne a takarda kamar tsauni. Na ga ƙaro, na ga man itacen ƙamshi, na ga miski. Na nemo su na haɗa gwargwadon abin da na gani, ga shi nan a kwalba mai shuɗin murfi.

Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Farkon takardar fili ne fetal, kusan babu komai. Turare yakan fara da abubuwa marasa nauyi, amma na Iya sai ka ce daga tsakiya aka fara shi. Wataƙila haka take haɗa nata.

Wace dabara ce wannan da kake ɓoye min? Ka san sunana, ba zan daina tambaya ba.

Jikarka

*

Uwar Tambaya,

Muna lafiya, muna fatan kina lafiya. Gwiwar ta ɗan lafa. Iya ta yi mura amma ta wuce.

Saƙonki ya iso, na gode, Allah ya yi miki albarka. Na sa riga mai tsabta na zauna a bakin gadonta, na buɗe mai shuɗin murfin. A hancina ya yi kama sosai, har gwaggonki ta ce shi ne. Iya ta shinshina, ta kawar da kai, ta ce, "Malam, ba ma saye." Na yi dariya don kada gwaggonki ta ga fuskata.

Kada ki ce laifinki ne. Abin da ya fi damuna shi ne ko tata kwalbar ma yanzu ba ta motsa ta kamar da. A farko takan juyo tun ina bakin ƙofa. Daga baya sai na kai mata har hanci. Jiya ko kallo ba ta yi ba. Ina jin ciwon ne yake ƙara cin ta.

Tunda kin nace, ga dabarar. Na lura da safe in akwai sanyi ƙamshin ba ya tashi sosai. Sai na tuna yadda nake yi wa man keke in ya daskare. Kullum da safe nakan zuba ruwan zafi daga fulas a kofi, in cire murfin kwalbar, in tsayar da ita a ciki, in ajiye a kan kujera kusa da matashinta, in kunna fanka ƙasa-ƙasa don ya kai mata. Ɗakin gaba ɗaya yakan cika, har maƙwabciya ta taɓa leƙowa tana tambaya. Na daɗe ina yi kafin in rubuta miki wasiƙar farko, don na so in tabbatar tana aiki. Yanzu na ƙara zafin ruwan, ko zai taimaka.

Ki gwada a naki, wataƙila ɗumi yake so. Kin ga, tsohon makanike ma yana da nasa.

Kakanki

*

Baba Tsoho,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Kafin komai, don Allah ka daina ɗumama kwalbar nan daga yau. Ka rufe ta gam, ka saka ta a wuri mai sanyi da duhu. Bari in yi maka bayani yadda zan iya.

Kowane ruwa, ko mai, ko turare, tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma suna riƙe da junansu. Tafasa ba komai ba ce illa zafi ya yi yawan da zai ɓamɓare wannan riƙon, ƙwayoyin su rabu su tashi sama. In riƙon mai ƙarfi ne, sai an sha wuta kafin abu ya tafasa. In mai rauni ne, zafi kaɗan ya isa.

Ka tuna teburin tela. Guntayen zaren da almakashi ya zubar, kana hurawa sun watse. Dogayen zare kuwa sukan sarƙe da juna, sai ka sa hannu. Ƙwayoyin fetur gajeru ne, wurin da suke taɓa juna kaɗan ne, shi ya sa in ka wanke ƙarfe da shi yake bushewa nan take. Na man keke dogaye ne, suna kwance jikin juna daga kai har wutsiya, shi ya sa yake shekara a jikin ƙarfe. Ruwa kuma nasa daban ne. Ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, amma gefe ɗaya nata yana jan gefen 'yar'uwarta kamar maganaɗisu, riƙo mai ƙarfi, shi ya sa sai ya kai digiri ɗari yake tafasa. Sifirit yana da irin wannan riƙon amma bai kai na ruwa ba, a saba'in da takwas yake tafasa.

Kuma ba sai abu ya tafasa yake tashi ba. Ko a ajiye yake, na saman suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya fi saurin tafasa shi ya fi saurin sulalewa. Ɗumi yana ƙara musu gudu, fanka tana kwashe su.

Turare taro ne na iri-iri. Akwai masu sakin juna da wuri, irin na bawon lemo da ganye da wasu furanni, su hanci ke fara ji in an buɗe murfi. Akwai masu nauyi irin ƙaro da miski, su ke kwana a riga. Ina jin waɗancan na farkon su ne Iya take ganewa, don su take fara ji duk lokacin da ta buɗe kwalbarta. Su ne babu a farkon takardata. Ba ciwon ne ya ƙaru ba. Ruwan zafin nan ne ya kore su. Duk safiyar da ka ɗumama kwalbar, ka sallami wani ɓangare na turaren Iya, kuma abin da ya tashi ba ya dawowa. Ni kuma ba zan iya haɗa abin da ban gani ba.

Ina sauri, an kusa rufe gidan waya.

Jikarka

*

Baba Tsoho,

Ina fatan lafiya. Wata ya wuce ban ga rubutunka ba. Na kira gwaggo, ta ce kana nan, amma ka daina zuwa ajin yamma, kuma in ta ce ka rubuto min sai ka ce biro ya ƙare. Ni na san biro nawa na aiko maka.

Na tuna abin da na rubuta, na ga na rubuta shi kamar rahoton aiki. Ba haka nake nufi ba. Duk abin da ya tashi daga kwalbar nan a ɗakin Iya ya tashi, hancinta ya shiga, ba wani waje ya tafi ba. Ka yi min magana, ko faɗa ne.

Jikarka, mai dogon baki

*

Jikata,

Na gaishe ki. Ni lafiya. Iya ce ba lafiya. Ta daina tashi zaune sai an tallafe ta, abinci kuma cokali biyu ta kawar da kai. Likita ya zo ya duba, ya daɗe yana wanke hannu kafin ya yi magana.

Ba fushi nake da ke ba. Layin nan da kika ce abin da ya tashi ba ya dawowa na yi ta karantawa har takardar ta yi laushi a wurin. Na shiga aji da furfura, yara suna leƙe ta taga suna dariya, ban taɓa jin kunya ba. Ban san akwai ranar da zan so a ce ban iya karatu ba.

Ban yarda da ke nan da nan ba. Na samo gilashin tsohon agogo, na ɗiga fetur, na ɗiga ruwa, na ɗiga man keke, na ajiye a bakin taga. Kafin in gyara zama fetur ya tafi. Ruwan ya kai rana tsaka. Man yana nan har yau, ƙura ta hau shi. Na yi shekaru ina ganin wannan da idona a wurin aiki, ban taɓa tambayar dalili ba. Da ke ce da kin tambaya.

Na rufe kwalbar, na saka ta a ƙasan durowa. Abin da ya rage a ciki ya yi kauri, ya yi duhu, ƙamshinsa kamar na tsohon akwati. Na kai mata sau ɗaya, ba ta san ma na zo ba. Yanzu ko Malam ɗin ba kullum take ce min ba.

Na so in cika mata ɗaki ne. Da na san haka ne, da ɗigo-ɗigo zan riƙa ba ta.

Kada ki ƙara wahalar da kanki da na'ura. In kin samu hutu ki zo ki gan ta.

Kakanki

*

Baba Tsoho,

Na gaishe ka, na gaishe da gwaggo da mai jiki. Na nemi hutu, an ce sai ƙarshen wata in wadda za ta riƙe min aiki ta dawo. Wannan kwalin zai riga ni isowa. Ka karanta kafin ka taɓa abin da ke ciki.

Ranar da zan bar gida, Iya ta ba ni wani ƙaramin gwangwani. Ta narka kakin zuma da mai, ta zuba turarenta a ciki, ta rufe, ta zagaye bakin murfin da narkakken kyandir. Ta ce in buɗe ranar da kewar gida ta fi ƙarfina. Sau da yawa na ɗauko shi na mayar, ina cewa akwai ranar da ta fi wannan. Ban taɓa fasa kyandir ɗin ba.

Kakin zuma da mai, ƙwayoyinsu dogayen zare ne. Suna riƙe ƙananan nan masu gudu a tsakaninsu, murfin kuma bai bar su sun fita ba. Ina kyautata zaton duk abin da ya tashi daga kwalbarka yana nan a ciki.

Na kai shi har gaban na'ura. Sai na tuna 'yar iskar da ke tsakanin man da murfin. Shekaru ke nan masu saurin tashi suna taruwa a wurin, kuma buɗewar farko sau ɗaya ake yin ta. Ba na so ta tafi a hancina ko a bututu. Ta Iya ce.

Da safe za ka buɗe, lokacin da ta fi zama a farke. Ka rufe taga, ka kashe fanka. Ba ruwan zafi. Ka kai shi daf da hancinta kafin ka ɗaga murfin. Ban yi maka alkawarin komai ba.

Jikarka

*

Uwar Tambaya,

Gaisuwa da fatan kin koma lafiya. Baƙi sun watse, gwaggonki ta koma ɗakin gaba don kada in zauna ni kaɗai. Ina ci, kada ki damu. Na koma aji, malama ta ce rubutuna ya karkace, na ce zai miƙe.

Kin zo kin tarar an riga an kai Iya makwancinta, kin zauna da mu, kin tafi, kina ta kallona da tambaya a ido ba ki yi ta ba. Ban faɗa miki ba saboda gidan cike yake, kuma kin san da kunnen nan in na yi magana ihu nake yi. Wannan ba maganar ihu ba ce.

Na yi yadda kika ce. Na rufe taga, na kashe fanka. Na ƙara abu ɗaya nawa: na sa tsohuwar rigar aikina, mai tabon mai a aljihu. Gwaggonki ta jingina ta da matashi ta fita. Na yanke kyandir ɗin da 'yar wuƙar farke ɗinki, na kai gwangwanin ƙarƙashin hancinta, na ɗaga.

Ni kaina na manta da wannan ƙamshin. Bawon lemo, da wani abu kamar ɗanyen ganye da aka murza. Sai na ji kamar ina tsaye a bakin ƙofa da akwatina.

Ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta sa yatsa a ciki ta lakato. Sai ta ɗago ta dube ni, ni ɗin, ba Malam ba, ta ce, "Injiniya, ka makara. Sunkuyo."

Na sunkuya. Ta shafa min a wuyan riga, ta gyara shi da tafin hannu kamar yadda ta saba. Na kasa motsi, gwangwanin na buɗe a hannuna. Sai ta harare ni ta ce, "Rufe min abu mana. Kai har yau ba ka san ƙamshi guduwa yake ba?"

Jikata, na yi dariya har gwaggonki ta shigo da gudu ta ɗauka wani abu ne ya faru. Ina dariya hawaye na zuba a kan rigar. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na ce mata na sani yanzu, jikarmu ta koya min. Ta ce, "Wannan mai tambayar?" Na ce ita. Ta yi murmushi ta lumshe ido.

Kafin rana ta take na koma Malam. Ban damu ba, na fita na zagaya na dawo. Na sake buɗe mata washegari, ta shinshina kawai. Daga nan barci ya yi ta yawa har ranar da kika sani.

Rigar tana rataye a cikin kabad. Lemon ya riga ya bar wuyanta, ganyen ma haka. Masu nauyin suna nan, kin ce su ke daɗewa.

Ga gwangwaninki na mayar miki, na sake liƙe shi da kyandir, duk da aikina bai kai nata kyau ba. Akwai saura da yawa. In kina so ki saka a na'urarki ki gano abin da take zubawa, ki saka. Abu ɗaya nake roƙo. In kin buɗe za ki ga wani ɗan rami a tsakiyar man, wurin da yatsanta ya shiga. Ki ɗiba daga gefe.

Kakanki,
Injiniya